IDAN FATA TA YAMUTSE BAYAN AN SAKE GINA NONO

Cutar nan da a ke kira sankara, ko kuwa daji, ta daɗe a ƙasar Kabi kamar yadda ta daɗe a ko'ina. Wadda ta fi damun mata kuwa ita ce ta nono. Bisa ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin shekarar 2022 kaɗai an sami mata kimanin miliyan 2.3 da ita a duniya, fiye da 30,000 daga cikinsu kuwa 'yan Nijeriya ne. Sau da yawa ba yadda za a tsare ran mai ita sai an yanke nonon da ya kamu ɗungum. A da, in an yi wannan aiki magana ta ƙare ke nan, mace ta koma gida da ƙirji a shafe, ta riƙa cusa tsumma a riga har iyakar ranta. Yanzu kuwa likitoci sun san yadda za su sake gina nonon, ko dai da naman jikin matar, ko kuwa da wata 'yar jaka mai taushi da a ke sakawa a ƙarƙashin fata.

Matan da aka yi wa wannan aiki ba su da yawa tukuna a Jihar Kebbi, gama yawancin masu cutar ba su zuwa asibiti sai abin ya yi nisa, likitocin da suka ƙware a irin wannan fiɗa kuma kaɗan ne a ƙasar duka. Amma akwai su, kuma galibi a wani wuri mai nisa aka yi musu, ko a manyan asibitocin Abuja da Ikko, ko a Masar, ko Indiya. Su dawo gida, likitan da ya yi aikin yana can wata uwa duniya, in wani abu ya taso ba wanda za su tambaya. Dominsu aka buga wannan ɗan littafi, da mazansu, da masu jinyarsu, da malaman asibitin da za a fara kai wa kuka. Magana ɗaya ce za a bi a cikinsa, watau yamutsewar da kan bayyana a fatar sabon nonon. Ba ruwansa da abin nan da 'yan kasuwa ke talla da sunan gyaran nono, wannan wani abu ne dabam.

A ɗauki misali da wata mace a Argungu. An yanke mata nono, an sa mata jaka, ta warke sarai, har ta koma sana'arta ta gumi. Bayan wata takwas, ran nan ta sunkuya za ta ɗauki ƙwarya, sai ta ga fatar saman nonon ta yi layi-layi, kamar yadda fuskar ruwan Matan Fada kan yi in iskar hunturu ta bi ta kai. Ta shafa, ta ji tudu da kwari a ƙarƙashin yatsa. Da ta miƙe tsaye sai abin ya ragu. Ba abin da zai fara faɗo mata a rai sai cewa cutar ce ta komo. Daga nan sai rashin barci, sai ɓoyewa, ba ta gaya wa miji ba don kada hankalinsa ya tashi bayan dukiyar da aka kashe, ba ta gaya wa abokiyar zama ba don gudun gori. To, abin da ya kamata irin wannan mata ta sani shi ne, yawancin lokaci wannan yamutsewa ba cuta ba ce ko kaɗan. Ninkin jakar ne a ke gani ta cikin fata.

YADDA JAKAR TA KE

Jakar nan fatarta ta silikon ce, wani abu mai kama da roba. A Amurka aka fara sa wa mace ita, a birnin Houston, cikin 1962, likitocin da suka ƙago ta kuwa su ne Thomas Cronin da Frank Gerow. Iri biyu ce. Akwai wadda a ke cikawa da ruwan gishiri, irin wanda a ke ƙara wa majiyyaci a asibiti, akwai kuma wadda a ke cikawa da silikon mai kauri.

Duk wanda ya san salka ya riga ya san rabin wannan magana. In an cika salka maƙil aka rataye ta, sai a gan ta sumul. In ruwan ya ragu, sai ya taru a gindi, wuyan ya ninninke. Wanda bai tarar da zamanin salka ba, ya ɗaga ruwan leda ta kusurwa ɗaya ya duba. Haka jakar ta ke a ƙirjin mace: in ta tsaya ko ta sunkuya, abin da ke ciki ya gangara ƙasa, sama da gefe su yi ninki. Kowace jaka tana yin haka, kaɗan ko da yawa. Ta ruwan gishiri ta fi yi, domin ruwa bai da jiki, balle in ba a cika ta sosai ba. Mai kaushin baya ma takan yi, saboda tana manne wa naman da ke kewaye da ita, in ta ninke sai ta ja fata ta bi ta.

Sauran rabin maganar kuwa shi ne abin da ya rufe jakar. In an shimfiɗa bargo a kan tabarmar da ta tattare, ba mai ganin tattarar. In zane mai shara-shara aka shimfiɗa, kome sai ya fito. Likitan da ke cire sankara tilas ne ya kwashe naman nono duka, ya bar fata da ɗan kitsen da ke ƙarƙashinta, gama in ya bar nama don kyau ya bar wa cuta wurin zama. Saboda haka macen da aka yi wa wannan aiki zanenta mai shara-shara ne tun daga farko. In siririya ce, abin ya fi fitowa. In ta rame daga baya, shi ma haka. In kuma an yi mata gashi, watau an haska wurin da na'urar nan mai ƙone ƙwayoyin cuta, fatar kan ƙara tauri da rashin kauri, ta daina miƙewa kamar da.

Akwai kuma maganar inda aka ajiye jakar. Wasu likitoci kan sa ta a ƙarƙashin babbar tsokar ƙirji, tsokar ta zama bargo. Wasu kan sa ta a bisa tsokar. Wannan na biyu ya fi sauƙin ciwo bayan aiki, shi ya sa ya yawaita a 'yan shekarun nan, amma shi ne ya fi nuna ninki. Kada a ɗauka likita ya yi kuskure don ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya. Kowanne da ribarsa da hasararsa.

Abin da ya sa ba a ganin yamutsewar tun da fari shi ne kumburi. Bayan fiɗa wurin kan kumbura, ya ɓoye kome. Sai kumburin ya saɓe, bayan wata uku, ko shida, ko ma shekara, sa'an nan ainihin siffar ta bayyana.

ABIN DA BA YAMUTSEWA BA NE

A nan ne ya kamata a yi hattara ƙwarai. Ninkin jaka yana da taushi, ba shi da zafi, yana sakewa in mace ta sake zama, ya fito in ta sunkuya, ya ɓace ko ya ragu in ta kwanta rigingine. Abin da bai bi wannan hali ba, ba a jira da shi. Ƙullutu mai tauri wanda ba ya gusawa, ko a jikin tabo ko a hamata; fata ta yi ja da zafi, ga zazzaɓi; ruwa ko mugunya na fita; fatar ta yi ramuka ƙanana kamar ɓawon lemo; nonon ya taurare ya ɗage sama yana ciwo; ko ya saɓe farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, wanda ke nuna jakar ruwan gishiri ta huje. Haka kuma in ninkin ya yi tsini a wuri ɗaya har fatar wurin ta fara ƙyalli ko sake launi, domin yana iya huda ta. Duk wadda ta ga ɗaya daga cikin waɗannan, ta nufi asibiti a makon nan, ba sai an gama girbi ba.

Akwai wata alama da ta cancanci a faɗe ta dabam. In nonon ya kumbura da ruwa bayan shekaru da yin aiki, ba tare da wani dalili ba, lalle a zuƙi ruwan a auna. An gano wata irin sankara wadda ba ta cika faruwa ba, da kan tsiro a jikin rufin da ke kewaye da jaka mai kaushin baya. Saboda ita ne kamfanin Allergan ya janye jakunkunansa masu suna Biocell daga kasuwannin duniya a watan Yuli na 2019. In an kama ta da wuri, yawanci cire jakar da rufinta ya isa magani. Hukumar magunguna ta Amurka ba ta ce a cire wa macen da ba ta da wata alama ba, cewa ta yi a sa ido.

Ko da mace ta tabbata a ranta ninki ne kawai, kyawunta ta bari likita ya faɗa da bakinsa. Dubawa da hannu da na'urar nan da a ke duba masu juna biyu sukan isa a raba gardama.

ABIN DA BA ZA A YI BA

Wanzami mutum ne mai daraja a gari, amma wannan wuri ba nasa ba ne. Kada a yi tsaga, kada a kafa ƙaho, kada a yi sakiya. Tsakanin aska da jakar bai fi kaurin fata ba. In ta huje, ko ƙwayar cuta ta shiga ta zauna a jikinta, sau da yawa ba makawa sai an cire ta, aikin da aka sha wahalarsa ya tashi a banza.

Kada kuma a gasa wurin da ruwan zafi ko tsumma mai zafi, kada a bar tafasasshen ruwan wankan jego ya taɓa shi. Dalili kuwa, jijiyoyin da ke sa fata ta ji zafi an yanke yawancinsu wajen fiɗa. Mace na iya ƙonewa har fata ta saluɓe ba ta sani ba. Mai turara shinkafa da mai tuya a bakin murhu su ma su lura da wannan.

Wata kan ce, tun da rama ce ta jawo, bari ta nemi ƙiba. Cin abinci mai kyau ba laifi, yana ma taimako. Amma ƙwayoyin nan da a ke kira sha-ka-fashe, da yawansu maganin da ke cikinsu yana sa fata ta ƙara sirancewa, ya hana rauni warkewa, ya ta da ciwon sukari. Man shafawa na sa fari shi ma da yawansa haka ya ke yi wa fata. An je neman ƙiba ke nan an samo rama. Babu wani mai ko garin magani da ke miƙar da ninkin jaka, gama ninkin ba a fata ya ke ba. Wanda duk ya ce zai cike wurin da allurar silikon a ɗaki ko a kanti, a guje shi kamar maciji.

HANYOYIN GYARA

Da fari dai, ba kowace yamutsewa ce ke bukatar wuƙa ba. In ba ta ciwo, riga kuma ta rufe ta, mai ita ba ta damu ba, likita na iya cewa a bar ta, a dai riƙa dubawa. Rigar nono mai tallafi sosai takan rage ta. Kowace fiɗa tana da nata haɗari, wani lokaci kuwa da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. In abin ya hana mace sakewa da mijinta, ko ya sa ta ƙi shiga cikin mata, wannan ma dalili ne, kada wani ya ce mata ai ta gode da ta tsira da rai ta yi shiru. Godiya dabam, neman gyara dabam.

Hanyar da aka fi bi ita ce dashen kitse, watau a ƙara wa zanen kauri ya zama bargo. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1895 wani likita a Heidelberg ta ƙasar Jamus, mai suna Vincenz Czerny, ya ciro ƙullin kitse daga bayan wata mace ya cike mata gurbin da ya bari a nono. Amma sai wajen shekarun 1990 aka daidaita yadda a ke yi yanzu. A kan sa wa mace maganin barci, a zuƙo kitse daga cikinta ko cinyarta da siririn bututu, a tace shi a raba shi da jini da ruwa, sa'an nan a riƙa ɗura shi kaɗan-kaɗan tsakanin fata da jaka, layi bisa layi. Dalilin yin kaɗan-kaɗan shi ne, kitsen nan abu ne mai rai, kamar dashen shinkafa a fadama. Kowane ɗigo sai ya sami jini daga naman da ke kusa da shi kafin ya kama. In an tula shi wuri ɗaya, na tsakiya ya mutu.

Ko an yi daidai, ba duka ke kamawa ba. Jiki kan shanye wani kashi, wani lokaci har kusan rabi, cikin watanni ukun farko. Don haka kada mace ta yi murna da cikar da ta gani a makon farko, kada kuma ta ce an cuce ta in ya ragu. Sau da yawa sai an maimaita sau biyu ko uku, da tazarar wata uku ko fiye a tsakani, musamman a fatar da aka gasa. Wanda zai biya kuɗi ya san da wannan tun kafin a fara, ya tambayi likita sau nawa ya ke zato, don kada a tsaya a tsakiyar gulbi. Kitsen da ya mutu kuma yakan bar ɗan ƙullutu, wanda ba cuta ba ne, amma tilas a nuna shi a duba, gama yatsa ba ya rarrabe shi da na cuta. Binciken da aka yi har yanzu bai nuna dashen kitse yana ta da sankara ba. Wahalarsa ɗaya ce ga siririyar mace: ita ta fi bukatarsa, ita kuma ta fi rashin inda za a ɗebo.

Hanya ta biyu ita ce a sake jakar. A fid da ta ruwan gishiri a sa ta silikon, ko a fid da mai ruwa-ruwa a sa mai kauri wadda aka cika sosai. Irin ta yanzu mai kaurin nan kamar tuwon da ya huce ta ke, ko an yanka ta ba ta zuba, don haka ba ta cika ninkewa ba. Sai dai ta fi tauri a hannu. In kuma gurbin da jakar ke zaune ya yi mata yawa tana yawo a ciki, likita kan ɗinke shi ya tsuke. Ya kamata a sani, jakar nan ba ta har abada ba ce. Ko ba yamutsewa, wata rana za a iya bukatar sake ta, ta silikon kuwa tana iya tsagewa a ciki ba a ji kome ba. Shi ya sa hukumar Amurka ta ba da shawara a ɗauki hotonta bayan shekara 5 ko 6, daga nan kuma kowace shekara 2 ko 3.

In jakar a bisa tsoka ta ke, a kan iya mai da ita ƙarƙashi. Wannan yana rufe ninkin sama, amma yana da nasa. Duk sa'ad da tsokar ta motsa, nonon ya motsa tare da ita. Matar ofis ba za ta damu ƙwarai ba. Macen da ke daka kullum, ko jan guga, ko casar shinkafa, ya kamata ta gaya wa likita irin aikinta filla-filla kafin a yanke shawara, domin likitan Alƙahira ko na Delhi bai san nauyin taɓarya ba.

Akwai kuma wani shimfiɗi da a ke sawa tsakanin fata da jaka, wanda aka fara amfani da shi a wannan aiki wajen 2005. Fata ce aka wanke ta aka fid da ƙwayoyin ranta duka, sai saƙar kawai ta rage, naman mace ya bi ta ya shige ta. Tana da tsada ainun. Wata daga fatar mutum a ke yinta, wata daga ta saniya, wata kuwa daga ta alade. Likitan wata ƙasa ba lalle ya tuna ya ambaci wannan ba. Hakkin mace ne ta tambaya, in tana so ta shawarci malaminta, tun ba a shiga ɗakin fiɗa ba.

In duk waɗannan ba su yi ba, ko gashi ya ɓata fatar ƙwarai, sai a koma ga naman jiki. A kan juyo tsoka da fata daga gadon baya a rufe jakar, dabarar da wani likitan Italiya, Iginio Tansini, ya bayyana tun 1906. Ko kuma a fid da jakar gaba ɗaya a gina nonon da fata da kitsen mara. Wannan babban aiki ne, na sa'o'i da yawa, da kwanaki a gadon asibiti, da tabo a wuri na biyu. Amma naman jiki ba ya ninkewa, yana ƙiba da mai shi, yana ramewa da ita. Wata kuma takan ce ta gaji da wuƙa, a cire jakar a daidaita ƙirjin, ta riƙa sa nonon roba a cikin riga. Wannan ma zaɓi ne, ba abin kunya ba.

Kowace hanya aka ɗauka, maganin sankara shi ne gaba. Ba a tsai da shi don gyaran siffa. Likitoci kan so a jira wata shida ko fiye bayan gashi kafin a taɓa wurin. Mai ciwon sukari sai ya daidaita, mai shan taba ko shisha sai ta bari makonni kafin aiki da bayansa, gama hayaƙi yana tsuke ƙananan hanyoyin jini waɗanda dashen ke dogara da su.

INDA ZA A NUFA

Macen da ke Argungu ta fara da Babban Asibitin garin, a duba ta, a ba ta takarda. A Birnin Kebbi akwai Asibitin Tunawa da Sir Yahaya, wanda ya ci sunan Sarkin Gwandu Yahaya, yana aiki tun 1952. Akwai Asibitin Tarayya, wanda aka fi sani da FMC kafin a mai da shi asibitin koyarwa, ga kuma asibitin jiha a Kalgo. Aikin farko a waɗannan wurare shi ne a tabbatar ko ninki ne ko wani abu. Gyaran kansa kuwa aikin likitan da ya ƙware a gyaran siffar jiki ne, irinsu kuwa a manyan asibitocin koyarwa a ke samunsu, kamar na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya, da na Malam Aminu Kano, da Asibitin Ƙasa a Abuja. Likitan da ya duba ta shi zai faɗi wanda ya dace, a kuma yi waya a tabbatar da ranar ganin likita kafin a hau mota.

Maganar sankara ba baƙuwa ba ce a kunnen mutanen jihar nan. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, wadda mijinta ya yi gwamna daga 2015 zuwa 2023, ta kafa gidauniyar Medicaid don yaƙi da cutar, a 2024 kuma aka zaɓe ta ta gaji shugabancin ƙungiyar UICC mai yaƙi da sankara a duniya. An saba jin kira a rediyo a zo gwaji. Abin da ba a saba ba shi ne maganar rayuwar mace bayan an yi aikin an gama.

In za a tafi, a riƙe takardun asibiti duka, da takardar sallama, da sakamakon awon nama, da bayanin gashi in an yi. Akwai wani ɗan kati da a ke ba mace bayan an sa mata jaka, mai ɗauke da sunan kamfani, da girman jakar, da lambarta. A adana shi kamar takardar gona. In ya ɓace, a rubuta wa asibitin da aka yi aikin su aiko da bayanin, domin da shi sabon likita zai san abin da ke ciki ba sai ya buɗe ba. Wadda ke jin nauyin likita namiji tana iya neman ma'aikaciyar jinya ta tsaya a ɗakin, ko ta shiga da 'yar'uwarta. Za a ce ta tsaya, ta sunkuya, ta dafa ƙugu ta matse, a kuma ɗan tsunkuli fatar a auna kaurinta, don ninkin ba ya fitowa in tana kwance.